Ya Kwana Uku a Kan Gado, Aka Ce Ba a Ba Shi Gado Ba

Ranar wata Asabar, bayan mun idar da sallar la'asar mun zazzauna a dakalin ƙofar masallaci kamar yadda muka saba, sai ga wani maƙwabcina, mutum mai sakin fuska wanda ba a cika ganin damuwa tare da shi ba, ya iso da waya a hannu, ya yi sallama, ya nemi gefen tabarma ya zauna bai ƙara cewa uffan ba. Duk unguwa an san cewa wansa, wanda ya shekara fiye da talatin yana tuƙin tasi a birnin Niyok na ƙasar Amurka, ya zame a banɗaki ya bugu a ƙugu har an kai shi asibiti. Da liman ya ga shirun ya yi yawa, sai ya dube shi ya ce, "Alhaji, lafiya dai ko? Yaya jikin yayan naka?"

Ya ce, "Jiki da sauƙi, Allah gafarta malam. Likita ya ce ba sai an yi aiki ba, sai dai ƙafar ce ta ƙi ɗaukarsa. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, kwana uku cur Yaya ya yi a asibitin nan a kan gado, ana kawo masa abinci safe da rana da dare, nas tana zuwa tana auna shi, amma da aka zo sallama za a mai da shi gidan da ake koya wa mutum tafiya, sai aka gaya wa 'yarsa gwamnati ba za ta biya ko sisi na wannan gida ba, wai don ba a taɓa ba shi gado ba."

Wani saurayi da ke tsugune yana ɗaura takalmi ya ce, "Haba Baba Alhaji, ai a Amurka tsoho ba ya biyan kuɗin asibiti, komai gwamnati ke yi masa." Kafin ya rufe baki wani dattijo ya karɓe ya ce ƙarya ne, a ƙasar nan mara kuɗi a bakin ƙofar asibiti yake cikawa. Waɗannan maganganu biyu na sha jin su a majalisu, kowace ana faɗinta da yaƙini kamar mai faɗin ya gani da idonsa, kuma su suka hana ni sakat har na ɗauki alƙalami, domin ko da yake mas'alar ta wata ƙasa ce mai nisa, akwai 'yan'uwanmu da suka tsufa a can, akwai kuma 'ya'yan da ke shirin ɗaukar iyayensu su kai su can bisa zaton da bai da tushe, alhali rashin sani ya fi dare duhu.

1. Asalin al'amarin

Tsarin da ake magana a kansa sunansa Medicare, inshorar lafiya ce ta gwamnatin tarayyar Amurka wadda aka kafa domin waɗanda suka kai shekara 65. Shugaba Hari Turuman ne ya fara kai wa majalisa buƙatar inshorar lafiya ta ƙasa baki ɗaya a 1945, ƙungiyar likitocin ƙasar ta tashi haiƙan ta yaƙe shi har maganar ta bi ruwa, sai bayan shekara ashirin Shugaba Lindon Jonson ya sami rinjayen da ya ishe shi, ya tsame tsofaffi kaɗai daga cikin wancan babban buri, ya tafi har garin Turuman a jihar Misuri ya sa wa dokar hannu a gabansa ranar 30 ga Yuli, 1965, ya kuma miƙa masa katin farko. Kafin wannan rana kusan rabin tsofaffin ƙasar ba su da wata inshorar asibiti, domin kamfanoni suna gudun tsoho, ko su ƙi shi ko su tsauwala masa kuɗi. Da tsarin ya fara aiki ranar 1 ga Yuli, 1966, mutum wajen miliyan 19 ne suka shiga. Yau sun haura miliyan 65, har da naƙasassu da masu ciwon ƙoda mai tsanani waɗanda aka ƙara a 1972.

Sashen da ya shafi gado da abinci shi ake kira Sashen A. Kuma wajibi ne mai karatu ya riƙe wannan: ba sadaka ba ce. Duk mai albashi ana cire masa kashi 1.45 cikin ɗari, wanda ya ɗauke shi aiki ya ƙara kwatankwacin haka, mai sana'ar kansa kuwa, irin direban tasin nan, shi ke biyan duka biyun, wato kashi 2.9. Wanda ya biya na tsawon shekara goma, ko matarsa ko mijinta ya biya, idan ya kai 65 ya shiga Sashen A ba tare da kuɗin wata ba. Ashe ke nan abin da tsohon nan yake nema a asibiti haƙƙinsa ne da ya tara da guminsa, kamar manomin da ya zuba hatsi a rumbun gari tun da kaka domin ya ɗiba da bazara, kuma da wannan ma'auni ya kamata a auna duk abin da zai biyo baya.

2. Abin da ke cikin ɗakin

Idan likita ya rubuta umarni cewa a kwantar da tsoho, Sashen A yana ɗaukar nauyin ɗaki, da abinci, da hidimar ma'aikatan jinya, da magungunan da ake ba shi a lokacin kwanciyar, da ɗakin tiyata da gwaje-gwaje da sauran kayan aiki. Ɗakin da doka ta yarda da shi na tarayya ne, mai gado biyu zuwa huɗu. Wanda ya so ɗaki shi kaɗai sai ya biya bambancin daga aljihunsa, illa idan larura ce ta sa, kamar cuta mai yaɗuwa da ta wajabta a keɓe shi, ko kuma asibitin ba shi da wani ɗaki sai irin wannan. Ba a biyan nas ta musamman da iyali suka ɗauko, ba a biyan talabijin ko tarho idan asibiti ya ware musu kuɗi daban, haka nan ƙananan abubuwa irin su reza da safa. Kuɗin likitan kansa kuwa, ko da a bakin gadon nan ya tsaya ya duba mara lafiya, yana ƙarƙashin wani sashe ne daban, Sashen B, wanda yake da kuɗin wata, dala 185 a 2025, kuma mara lafiya ke biyan kashi 20 cikin ɗari na abin da aka yanke.

Mu da muka saba ganin mai jinya ta shimfiɗa tabarma a barandar asibiti, da kwanon tuwo da fulas ɗin kunu da ake aikowa daga gida safe da yamma, mun fi kowa sanin darajar wannan sharaɗi na abinci, domin mun ga yadda ciyar da mara lafiya da mai jinyarsa kaɗai kan karya gida kafin a zo maganar allura. Wanda ya sa gado da abinci cikin lissafin magani ya fahimci jinya. Magabata ma sun fahimci haka, shi ya sa asibitin da Sarki Ƙalawun ya gina a Alƙahira a 1284 aka tsayar masa da waƙafi mai ɗaukar nauyin kwanciyar marasa lafiya da cinsu tare da maganinsu.

Akwai kuma wani alheri da ɗakin nan mai gado biyu ya jawo, wanda ba a cika ambatonsa ba, ni kuwa ina ganin ya isa a tsaya a kansa. A lokacin da aka kafa tsarin, asibitoci da yawa a kudancin Amurka suna raba baƙar fata da farar fata, kowa da ɓangarensa, wasu ma ba sa karɓar baƙi sam. Da yake dokar haƙƙin ɗan ƙasa ta 1964 ta haramta ba da kuɗin tarayya ga duk ma'aikatar da ke nuna wariya, sai gwamnati ta shardanta cewa asibitin da ke son kuɗin Medicare dole ya rushe wannan katanga, ta aika masu bincike suna shiga ɗaki ɗaki suna duba ko ana kwantar da mutane bisa cutarsu ne ko bisa launinsu, kuma cikin watanni kaɗan na 1966 abin da wa'azi da ƙara a kotu suka daɗe suna fama da shi ya faɗi a dubban asibitoci. Bahaushen da ya kwanta yau a gado ɗaya daga cikin biyun nan, Bature na kwance a ɗayan, labule kaɗai ke tsakaninsu, yana cin gajiyar wannan tsayin daka ne ko bai sani ba. Saboda haka dattijon da ya ce talaka a bakin ƙofa yake mutuwa bai yi wa tsarin adalci ba.

3. Lissafin kwanaki

Saurayin da ya ce komai kyauta ne shi ma bai faɗi daidai ba, ga kuwa hujja da alƙaluman 2025. Da zarar an kwantar da tsoho, akwai kuɗin farko da zai biya da kansa, dala 1,676, wanda a 1966 dala 40 ne kacal. Bayan wannan ba ya biyan kuɗin gado har kwana 60. Daga kwana na 61 zuwa na 90 yana biyan dala 419 kowace rana. Idan ciwo ya zarce haka, yana da waɗansu kwanaki 60 na ajiya waɗanda ake ba mutum sau ɗaya tak a rayuwarsa, kowace rana dala 838, wanda ya ci su ya ci su ke nan, ba a mayar masa. Daga nan gwamnati ta zare hannunta. Mutumin da ya yi kwana 90 a kwance zai biya dala 14,246, idan kuwa ya cinye kwanakin ajiyarsa duka sai ya ƙara dala 50,280 a kai, ban da rabonsa na kuɗin likitoci.

Wurin da mutane suka fi ruɗewa shi ne cewa kuɗin farkon nan ba na shekara ba ne, na zangon jinya ne. Zango yana buɗewa ranar da aka kwantar da mutum, ba ya rufewa sai ya yi kwana 60 a jere ba ya asibiti ba ya gidan jinya. Tsohuwa mai ciwon zuciya da aka kwantar a watan Janairu, aka sallame ta, ciwo ya tashi a Mayu, ya sake tashi a Oktoba, sau uku za ta biya dala 1,676 a shekara guda, domin kowace komawa sabon zango ce. Kuma tsarin na asali ba shi da wani rufi da za a ce idan kuɗin aljihun mutum ya kai nan an tsaya. Wannan ne ya sa mafi yawan tsofaffi suke neman abin da zai toshe gibin, ko inshorar ƙari da suke saya daga kamfanoni, ko ta tsohon wurin aikinsu, ko kuma su miƙa haƙƙin nasu gaba ɗaya ga wani kamfani ya gudanar musu a ƙarƙashin abin da ake kira Medicare Advantage, wanda yanzu fiye da rabinsu suke ciki, inda akan biya wani abu kowace rana a kwanakin farko, akwai rufi a shekara, amma sai an bi asibitocin da kamfani ya zaɓa, sau da yawa kuma sai an nemi izininsa tukuna.

Gaskiya ita ce mafi yawan kwanciya ba ta kai mako guda, saboda haka kaɗan ne suke isa kwana na 61. Amma waɗannan kaɗan ɗin su ne waɗanda ciwo ya fi ci, kuma ina ganin aibi ne babba ga tsarin da aka kafa domin kare tsoho daga tsiyacewa ya kasance yana ƙara masa nauyi daidai gwargwadon yadda ciwonsa ya ƙaru. Amurkawa sun taɓa yunƙurin gyara wannan. A 1988 majalisa ta yi dokar da ta cire iyakar kwanakin asibiti, amma da yake an ɗora kuɗin gyaran a kan tsofaffin kansu, musamman masu hali a cikinsu, sai suka yi bore, har a watan Agusta na 1989 wasu tsofaffi a Shikago suka tare motar shugaban kwamitin haraji na majalisar wakilai suna yi masa ihu, kafin shekarar ta ƙare aka soke dokar. Na kawo wannan ne domin kada a ɗauka laifin duka na hukuma ne; su ma masu haƙƙin da hannunsu a ciki.

4. Kalma guda a kan takarda

Yanzu sai mu komo ga wan maƙwabcina, wanda lissafin nan duka bai ma shafe shi ba, domin a hukumance bai taɓa shiga ƙofar Sashen A ba. A asibitocin Amurka mutum biyu suna iya kwana a ɗaki ɗaya, nas ɗaya tana duba su, abinci iri ɗaya ake kawo musu, amma a takarda ɗaya an kwantar da shi, ɗayan kuwa ana sa masa ido ne kawai, wato hukuncinsa hukuncin wanda ya zo ganin likita zai koma gida, ko da ya kwana uku. Hangen Dala ba shiga birni ba ne, haka nan kwana a kan gado ba shi ne samun gado ba, sai likita ya rubuta umarnin kwantarwa da lafazinsa.

Wannan hali bai faɗo daga sama ba, ruwa ba ya tsami banza. Tun daga Oktoba na 1983, zamanin Shugaba Regan, gwamnati ta daina biyan asibiti gwargwadon abin da ya kashe, ta koma biyan dunƙulallen kuɗi bisa nau'in cuta, ko mara lafiya ya kwana biyu ko ya kwana goma, abin da ya sa asibitoci suka shiga gaggawar sallama. Daga baya kuma aka ɗauko kamfanonin bincike waɗanda ake biyansu da wani kaso na kuɗin da suka ƙwato, suka riƙa bin fayil fayil suna cewa wannan gajeriyar kwanciya ba ta cancanta ba, a mayar da kuɗi. Asibiti da ya ga ana karɓe masa kuɗin aikin da ya riga ya yi, sai ya koyi taka-tsantsan, duk wanda aka yi shakkar al'amarinsa a rubuta ana sa masa ido. A 2013 gwamnati ta fito da ƙa'ida cewa idan likita yana tsammanin mara lafiya zai ƙetare tsakar dare biyu yana buƙatar asibiti, to a kwantar da shi. Ƙa'idar ta rage ɓarna, ba ta kawar da ita ba.

Domin in yi adalci, wani lokaci kuɗin sa ido, wanda Sashen B ke biya, yakan zo ƙasa da dala 1,676 ɗin nan, ko da yake magungunan da mutum ya saba sha a gida, irin na hawan jini da na sukari, idan asibiti ya ba shi a wannan hali yakan caje shi da tsada. Babbar musibar tana jiran mutum ne a ranar sallama. Dokar tun asalinta ta ce gwamnati ba ta biyan gidan jinya na ƙwararru, inda ake gasa ƙashi a koya wa mutum tafiya, sai ga wanda aka kwantar kwana uku a jere, ban da ranar sallama, kuma kwanakin sa ido ba sa shiga ƙidaya. Wanda ya cika sharaɗin yana samun kwana 20 ba ya biyan komai, ɗaki da abinci da motsa jiki, daga na 21 zuwa na 100 ya biya dala 209.50 a rana bisa alƙaluman 2025. Wanda bai cika ba, ko da dare ɗaya ya rasa, shi zai biya duka tun daga ranar farko.

Malaman fiƙihu suna da wata ƙa'ida da nake ganin hankalin kowane mai adalci zai karɓa, ko Musulmi ne ko ba Musulmi ba, cewa abin lura a cikin mu'amala shi ne manufa da ma'ana, lafazi yana biye ne. Illar, wato dalilin da ya sa aka shardanta kwana uku, ita ce a tabbatar ciwon na gaske ne, kada gidan jinya ya zama masaukin wanda kawai ya rasa mai kula da shi. To mutumin da likitoci da kansu suka ga bai kamata ya bar asibiti ba har dare uku, wace shaida kuma ake nema a kan gaskiyar ciwonsa? Illa ta tabbata, an hana hukunci saboda lafazi, kuma lafazin nan ba mara lafiya ne ya zaɓe shi ba, ba a shawarce shi ba, sau da yawa ma yana cikin magagin ciwo aka rubuta shi. Jayayya ce tsakanin asibiti da baitulmali a kan wa zai ɗauki asara, aka sauke ta a kan mafi rauni a cikin ukun. Wannan shi nake kira zalunci, ko da babu wanda ya yi nufinsa, kuma maganinsa ba shi da wuya: a ƙidaya kowane dare da tsoho ya kwana a asibiti bisa umarnin likita, ko da wane suna aka kira shi. An sha gabatar da ƙudurin haka a majalisarsu, bai wuce ba.

Abin da aka samu shi ne dokar 2015 wadda ta wajabta wa asibiti, tun daga Maris na 2017, ya ba duk wanda aka sa wa ido fiye da awa 24 takardar sanarwa, a kuma yi masa bayani da baki. Kotun tarayya ma ta yanke a 2020 cewa wanda aka fara kwantarwa sannan aka sauya shi zuwa sa ido yana da haƙƙin ɗaukaka ƙara. Duka biyu ci gaba ne. Amma 'yar tsohon nan ta tuna an miƙo mata wata takarda a dare na biyu, cikin tarin takardu, ta sa hannu tana kallon mahaifinta yana nishi, kuma ban ga laifinta ba. Sanar da mutum abin da ba shi da ikon sauyawa, a lokacin da hankalinsa ba ya jikinsa, sauke nauyi ne kawai daga wuyan mai sanarwa.

5. Inda magani ya ƙare

Akwai gibin da ya fi wannan faɗi, kuma a nan ne zancen saurayin ya rushe gaba ɗaya. Medicare yana biyan gado ne muddin ana magani. Ranar da likita ya ce ya yi iyakar abin da zai iya, abin da ya rage shi ne a yi wa tsoho wanka, a ba shi abinci a baki, a juya shi kada gado ya ci bayansa, a kai shi bayan gida, to daga ranar nan babu ɗaki babu abinci a wuyan tsarin, ko da mutum zai shekara goma a haka, kamar yadda masu shanyewar jiki da masu ruɗewar tsufa sukan yi. Gidan tsofaffi kuwa a wurare da yawa yana cin fiye da dala 100,000 a shekara. Hatta wanda aka tabbatar ajalinsa ya kusa, aka koma sauƙaƙa masa raɗaɗi kawai, ana biyan nas da magani, amma kuɗin ɗakinsa da abincinsa a gidan tsofaffi ba a biya. Mafita ɗaya da ta rage wa mai ƙaramin ƙarfi ita ce wani tsarin daban na matalauta, Medicaid, wanda ba ya karɓar mutum sai ya cinye abin da ya tara, har a jihohi da yawa ya rage masa abin da bai wuce dala 2,000 ba.

Harshenmu ya raba magani da jinya, ya kuma san cewa jinya ta fi tsawo ta fi cin rai. Waɗanda suka tsara dokar 1965 sun yi ta ne da hoton ciwon da ke zuwa ya wuce, a yi wa mutum aiki ya warke ko ya cika, alhali tsufan zamanin nan, da magani ya tsawaita kwana, ya fi yawa a cikin lallaɓawa ta shekaru. Na san hujjar masu cewa baitulmali ba zai iya ɗaukar wannan ba, kuma ban raina ta ba, domin asusun Sashen A kansa masu kula da shi suna ta gargaɗin cewa nan da 'yan shekaru abin da ke shiga ba zai ishi abin da ke fita ba. Sai dai nauyin da hukuma ta ƙi ɗauka ba ɓacewa yake yi ba, yana sauka ne a kan wata 'ya ko wata mata da za ta bar aikinta ta zauna, a ƙasar da gidan haya ɗaki biyu ne, maƙwabci bai san sunan maƙwabci ba, babu kishiya babu ƙanwar uwa babu jikokin da za su karɓe ta ko na awa guda. Jamus ta kafa inshorar jinya ta dole a 1995, Japan ta bi a 2000, kowace da irin wahalarta, amma sun nuna abin yana yiwuwa ga ƙasar da ta ɗauke shi farilla.

6. Abin da ya shafe mu

Ga ɗan da ke shirin ɗauko mahaifiyarsa ya kai ta can domin ta huta, ya sani cewa shekara 65 kaɗai ba ta ba ta komai. Sai ta sami takardar zama ta dindindin, ta kuma zauna shekara biyar a jere, sannan a yarda ta sayi Sashen A da kuɗinta, wanda a 2025 ya kai dala 518 a wata ga wanda bai yi aiki a ƙasar ba, ban da kuɗin Sashen B. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda kuma tsohonsa ya riga ya shiga asibiti, ya tambayi likita tun ranar farko, ya sake tambaya kowace safiya, shin an kwantar da shi ne ko ana sa masa ido, kuma idan aka zo sallama yana ganin jikin bai yi ba, doka ta ba shi ikon kai kuka ga hukumar da ke duba irin wannan cikin gaggawa kafin a fitar da shi.

Mu ma a nan gida muna kan wannan hanya. Ghana ta yafe wa 'yan shekara 70 kuɗin shiga inshorarta ta ƙasa, Nijeriya kuma a dokar 2022 ta sa tsofaffi cikin masu rauni da za a kafa wa asusu. Roƙona ga masu rubuta ƙa'idojin waɗannan tsare-tsare shi ne su fayyace maganar gado da abinci da yawan kwanaki da harshen da tsoho zai gane, kada su bar wata kalma a ɓoye wadda sai ranar sallama za ta fito.

Bayan mako biyu na sake haɗuwa da maƙwabcin nawa a hanyar kasuwa, na tambaye shi mai jiki. Ya ce ba su iya kuɗin gidan jinyar ba, 'yar ta ɗauki hutu ba albashi ta mai da mahaifinta gidanta, mai gasa ƙashi yana zuwa wasu ranaku a mako, wannan kam gwamnati na biya. Sai ya rage murya ya ce, "Malam, jiya Yaya ya kira ni da asuba. Ya ce ya gaji, gida yake so. Ya ce in tambaye ka, in ya dawo, katin nan nasa zai yi masa aiki a asibitocinmu?"

Na ce masa a'a, Alhaji, katin ba ya ƙetare teku. In ban da wasu larurori ƙalilan, Medicare ba ya biyan jinyar da aka yi a wajen Amurka, duk abin da ya zuba na shekara talatin can zai bar shi. Ya yi shiru yana kallon ƙasa, sa'an nan ya ce zai sa a share ɗakin da ke kusa da nasa, a gyara ƙofar banɗakin, ko da Yaya zai yanke shawarar tahowa bayan salla.